Kafintocin Sabo Da Ojoo: Katako A Kusa, Riba A Nesa

Ba don katako Hausawa suka zauna a Ibadan ba. Shanu da goro su ne suka kai su, tun kafin a keɓe musu unguwar Sabo a cikin 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Bature Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo a 1962 zuwa 1963, ya kuma buga littafinsa a kansu a 1969, ya nuna cewa arzikin unguwar duk a hannun masu gida yake, watau fatoman da ke saukar da baƙi, su sayar musu da dukiya, su tsaya musu a kan bashi. Amma duk inda aka yi zama aka hayayyafa, tilas a nemi gado da kujera da ƙofa, sa'an nan a nemi wanda zai yi su yadda ido ya saba gani a gida. Ta nan kafinta ya shigo.

Da Sabo ta cika, sai jama'a suka bazu zuwa arewacin gari, musamman Ojoo, inda babban titin Ikko da aka buɗe a 1978 ya haɗu da hanyar Oyo da Ilori. Nan manyan motocin Arewa ke yada zango, nan kuma mai rumfar aiki ke samun direba da ɗan kasuwa da mai sayar da shayi da ke bukatar benci da tebur.

Mai karatu ya sani cewa masassaƙi daban, kafinta daban. Masassaƙi da gizago yake fafe guntun ƙirya ya fitar da turmi, ko ya feƙe aduwa ya yi allo, ba ƙusa ba gam. Kafinta kuwa da falanki yake aiki, da zarto da guduma da ma'auni, sana'ar da ta yaɗu a zamanin Turawa. A Kano ko Katsina babbar wahalarsa ita ce katako, domin daga Kurmi ake kawo shi. A Ibadan ga shi nan a bakin ƙofa: kasuwar katako ta Bodija cike take da loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da maɗaci, da afara, da arere mai sauƙin nauyi, da malaina mai araha. A garin ne kuma, a Jericho, hedkwatar cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa take. Cinikin katakon galibi a hannun Yarbawa yake, saboda haka yaron da ke koyon aiki yakan iya ciniki da Yarbanci tun bai iya riƙe zarto sosai ba.

Aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne kayan ɗakin amarya. Uban yarinya yakan zo da wata biyu ko uku kafin biki, wani lokaci da hoto a waya, a yi jinga a kan gado da madubi da ma'ajiyar tufafi da ta kwanuka, ya ba da kafin alƙalami, wanda da shi ne za a sayi katako. A nan ne ake gane gwani. Katakon da aka yanko daga daji jiƙe yake, yana bukatar a jera shi a inuwa da tazara, iska ta ratsa shi makonni ko watanni, gwargwadon kaurinsa. Iskar Ibadan kuwa mai laima ce. Gadon da aka haɗa da ɗanyen katako yana iya yin kyau ranar jere, amma idan aka ɗora shi a mota aka kai amarya Gusau ko Funtuwa, hunturu ɗaya ya isa ya tsotse shi, mahaɗai su saki, ƙofa ta karkace, fenti ya tsage. Wanda ya san aikinsa yakan tambayi inda kayan za su zauna tun kafin ya yanke farashi. Wanda bai tambaya ba, a ganinmu, ko dai bai ƙware ba, ko kuwa ya riga ya ƙudura cewa mai kaya ba zai dawo ba.

Amma a Sabo mai kaya yakan dawo. Kafinta da uban amarya masallaci ɗaya suke salla, wajen suna da jana'iza ɗaya suke haɗuwa, kuma saɓa alkawarin ranar jere abin kunya ne da ba ya tsayawa a rumfa. Idan magana ta yi tsami, ba kasafai ake fara zuwa wurin 'yan sanda ba, sai a kai ta gaban dattawa ko fadar Sarkin Hausawa. Wannan ne ke tsare mai saye, shi ne kuma ke ɗaure kafinta, gama da wuya ya ƙi bai wa maƙwabci bashi, da wuya kuma ya matsa masa. Da yawa jarinsu a ɗakunan amare ya narke.

Ga kuma abin da ya fi ƙarfin unguwa. Manyan itatuwa sun ja baya a dazuzzukan Oyo da Ogun da Ondo, loko mai kauri ya zama na mai hali. Maɗobiya, wadda aka riƙa lodinta zuwa ƙasar Sin, an sare ta har hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun daji ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A madadinsu sai allon dusar katako da gam ya cika kasuwa, mai sheƙi da saurin aiki, wanda ruwa kaɗan ke kumbura shi. Masu saye da yawa shi suke so, domin ya fi kama da abin da suka gani a hoto, kuma tsohon kafinta ba shi da yadda zai yi sai ya koyi yanka shi.

Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, dab da Ojoo, ya nuna wani rauni dabam. Mai tumatir ko albasa yana iya juya motarsa zuwa wata kasuwa. Kafinta kuwa dukiyarsa katako ce busasshiya da injin mai nauyi da kayan mutane rabin gamawa, waɗanda ya riga ya karɓi kuɗinsu, ba ya iya ɗaukarsu a ka, kuma ranar biki ba ta dagawa don rumfa ta kwana biyu a rufe.