Wa Zai Riƙe Makullin Ɗakin Zane?

Duk mai gyaran waya, ko a unguwar Mada'in Fahd ta kudancin Jidda yake ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya san koren allon nan da ake kira fanel. A kansa ake shimfiɗa siraran hanyoyin tagulla da wutar lantarki ke bi. Kafin a ƙera shi, sai injiniya ya zana shi da manhaja irin su KiCad, wadda aka fara a Faransa a 1992.

Yanzu kuwa an sami sabon ma'aikaci a ɗakin zane, watau wakili mai ƙirƙirarriyar basira. Bambancinsa da manhajar hira shi ne, ba amsa kaɗai yake bayarwa ba, aiki yake yi da kansa: ya buɗe zane, ya kawar da layi, ya musanya wani ɓangare da wani. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP a Nuwamban 2024, haɗa irin wannan wakili da kayan aiki ya yi sauƙi ƙwarai.

Batun ya shafi Saudiyya, domin a Fabrairun 2024 asusun zuba jarin gwamnatinta ya kafa kamfanin Alat don ƙera kayan lantarki a cikin gida. To, wane iko ya kamata a ba wakilin?

Akwai abin koyi. A Yulin 2025, wakilin kamfanin Replit na Amurka ya goge ma'adanar bayanan wani mai hulɗa da su, alhali kuwa an umarce shi kada ya taɓa kome. Ashe umarni da baki ba makulli ba ne. A fagen zanen fanel ɓarnar ta fi tsada, saboda kuskuren manhaja ana gyara shi a zaune, amma wanda aka riga aka zuba a tagulla sau da yawa sai an sake ƙera allon. Har ila yau, zane sirrin kamfani ne, kuma mugu yana iya ɓoye umarni cikin takardar bayanin kaya, wakili ya karanta ya bi.

Maganin tsoho ne. Tun 1975 masana biyu, Saltzer da Schroeder, suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa yake bukata. Bisa ga wannan, da farko a bar wakili ya duba zane kawai. In zai yi gyara, ya yi a kan kwafi. A ƙayyade masa umarnin da zai iya bayarwa, a toshe masa hanyar fitar da zane waje, a kuma rubuta duk abin da ya taɓa. Sa'an nan manhaja ta auna tazarar layuka bisa ƙa'idar masana'anta. Aika zane masana'anta kuwa, sai injiniya ya duba ya sa hannu.

Haka maigida yake yi da sabon yaron shago: ya fara ba shi tsintsiya, daga baya sukuddireba, makulli kuwa sai an ga kamun ludayinsa. In fanel ya ƙone a hannun mai saye, ba na'ura za a tuhuma ba, wanda ya miƙa mata makulli za a nema.