Zafi, ƙura da batir: abin dubawa kafin matashin ɗan fim ya sayi kyamara

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, matasa da dama da wayar salula suka fara harkar fim. Ranar da 'yan kuɗi suka taru, ko wani yaya da ke Faransa ko Amurka ya ce a faɗi kyamarar da zai aiko, sai gardama ta tashi. Galibi kan kyawun hoto ake yin ta, alhali abin da ke tsayar da aiki a Nijar daban ne.

Akwai kyamarori uku da suka yi suna a aji na tsakiya, wato sama da na ɗaukar biki, ƙasa da na manyan kamfanoni. Panasonic GH5, wadda ta fito a 2017, tana hana hoto rawa idan an riƙe ta a hannu, jikinta a toshe yake don ƙura, kuma ba ta da iyakar mintocin ɗauka. Rauninta shi ne saita hoto da kanta: idan ɗan wasa yana motsi, takan ɓace masa.

Blackmagic Pocket 4K ta fito a 2018 kan dala 1,295, tare da manhajar tace fim ta DaVinci Resolve Studio kyauta. Launinta irin na silima ne, sai dai ƙaramin batirinta ba ya kai awa guda, kuma ba ta hana rawa. A garin da wuta ke yawan ɗaukewa, mai ita sai ya tanadi babban batir na waje.

Sony A7 III, ita ma ta 2018, ta fi su iya aiki da dare da bin fuskar ɗan wasa, batirinta na jimawa. Amma takan tsaya kafin cikar minti 30, kuma launinta ba ya jure gyara mai yawa wajen tacewa.

Sai batun yanayi. Kamfanonin na rubuta digiri 40 a matsayin iyakar zafin da kyamara za ta yi aiki a ciki, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin kudancin Nijar kan wuce haka. Lema da ɗauka da sassafe ko da la'asar sun zama dole. Da hunturu kuwa, canja gilashin kyamara a fili kan shigar da ƙura ciki.

Akwai kuma kwamfuta. Idan aka saita GH5 a mafi ingancinta, awa guda na cin wajen gigabait 180. Tsohuwar kwamfuta ba za ta ja wannan ba, fim ɗin sai ya kwanta a faifai.

Don haka bai kamata jikin kyamara ya cinye kuɗin duka ba. Makirufo mai kyau, fitila, ƙafar kyamara, katin ajiya da gilashin rage hasken rana duk suna cikin lissafi, domin mai kallo kan haƙura da hoto matsakaici, amma ba ya zama kan fim ɗin da ba ya jin maganarsa.

Ga masu aikowa daga waje, batiran ƙari a jakar hannu ake shiga jirgi da su, ba a cikin kayan da ake aunawa ba.