Gigin Tsufa: Asiri Ne ko Cuta?

A Jega ko Maiyama, idan tsohuwa ta fara kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, magana biyu ake ji. Wasu su ce tsufa ne kawai. Wasu su rage murya su ce an yi mata asiri, ko ma ita ce mayyar. Duk jita-jita ce, kuma ta biyun ta fi ƙona mini rai, domin tana jawo wa baiwar Allah tsangwama a lokacin da ta fi bukatar jinƙai.

Cuta ce, kuma ana ganin sawunta. A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana wasu dunƙule-dunƙule da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da wannan ruɗewa. Furotin ne. Kowane furotin sai ya naɗe da irin siffarsa kafin ya yi aiki. Idan naɗin ya karkace, sai ya manne da 'yan'uwansa, ya karkatar da su, kamar yadda manomin Aliero ya san ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya ke bin na kusa da ita a rumbu. A cutar Alzheimer furotin amiloid da tau ne ke taruwa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na mutuwa sannu a hankali. A cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da jan ƙafa, wani furotin ne daban.

Ana ɗauka a kwanon abinci? A'a. Ci da tsohuwar, wanke ta, kwana ɗaki ɗaya, babu komai. Wadda ta taɓa bin nama ita ce cutar haukan shanu, da aka gano a Ingila a 1986, kuma wannan dangin daban ne, ba kasafai ake ganinsa ba.

Masu cewa asibiti ba shi da amfani sun faɗi rabin gaskiya. Babu maganin da ke warkar da Alzheimer. Amma maganin levodopa na sassauta Parkinson ƙwarai, kuma wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo take, tana jin magani. Hawan jini da aka bari ba kulawa shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa. Likita ne zai bambance su, a asibitin Birnin Kebbi ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, kusa da Sakkwato.