Wayar Haƙori: Gaskiya ko Jita-jita?

Ana cewa kowane likitan haƙori zai iya ɗaura wa mutum waya. Rabin gaskiya ce. Wanda ya gama digirin haƙori ya iya cirewa da cike rami da wankewa, amma daidaita jerin haƙora da zaman muƙamuƙi fanni ne mai zaman kansa, sai an ƙara wasu shekaru ana koyonsa a asibitin koyarwa. A Najeriya, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma su ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni, hukumar MDCN kuma ita ke yi wa likitoci rajista. Don haka tambayar likita inda ya ƙware ba rashin kunya ba ne.

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai waya ado ce kawai, sai a saya ta intanet a je shagon kwalliya a manna. Haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa a katako ba. Idan waya ta matsa shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa, sabo kuma yana tsirowa a bayansa, da haka yake tafiya. Shi ya sa ƙwararre ke fara ɗaukar hoton ƙashi, ya duba lafiyar dasashi, sannan a riƙa komawa wurinsa duk bayan mako 4 zuwa 8. In matsin ya yi yawa, saiwa ta kan gajarce, haƙori ya fara girgiɗi. Masu ɗaura ɗan roba a haƙoran gaba don rufe tazara, su sani robar kan zame ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci gaba da ɓarna har haƙoran su zube.

Wai sai yaro ya gama famfara za a kai shi? Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka ta ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7, domin matsalar muƙamuƙi ta fi sauƙin gyara yana cikin girma. Babba ma ana gyara masa, sai dai idan ƙashin ne ya karkace sosai, wani lokaci sai an haɗa da tiyata.

Wushirya kuwa, a bar mana abarmu, ba cuta ba ce.

Akwai kuma masu zaton da an cire waya an gama. Aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, bayansa kuma sai an sa abin riƙe haƙora, musamman da dare, in ba haka ba, haƙoran su koma gidan jiya. Duk wanda ya yi maka alkawarin gamawa cikin wata biyu, riƙe kuɗinka, ka nufi sashen haƙori na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ka nemi a haɗa ka da ƙwararre.