Maganin Tsutsar Sauro a Kududdufai

Sauro ba ya hayayyafa sai a kwantaccen ruwa. A ƙasar Daura, tun daga Mai'aduwa har Baure, kududdufai ne matattararsa da damina. Ƙwai kan zama sauro cikin kamar kwana goma, sa'an nan zazzaɓi ya bazu.

Maganin da aka zuba tsurarsa ba ya daɗewa, gama rana da laka kan rage masa ƙarfi. Saboda haka masana suka ƙago dabarar ƙunshe shi cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ɓawo. Ɓawon kan saki maganin kaɗan-kaɗan, ya yi makonni yana kashe tsutsa.

Zuba magani a ruwa ba baƙon abu ba ne. Abate, wanda aka riƙa zubawa a tafkuna kowane mako huɗu, ya taimaka wajen kawar da kurkunu, cutar da ta kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a 1988. A 2013 aka tabbatar ta ƙare.

Aikin hakimai ke nan: su sa malamai su rubuta kowane kududdufi, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, gama da yawan ruwa a ke auna magani. Kada kowa ya zuba sai ma'aikacin lafiya.