Jirgin ƙasa a tafin hannu: wasan manya da ke koyar da ma'auni

A ƙasashen Turai da Amurka da Japon akwai wasu mutane, cikinsu har da likitoci da alƙalai, ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan jirgi, waɗanda in sun taso daga aiki sukan shige ɗaki su duƙufa bisa tebur, su yi ta ƙera taragu da kawunan jirgin ƙasa da tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Mai hange daga nesa zai ce wasan yara ne manya suka ƙwace. Wanda ya matso kusa kuwa zai iske sana'a mai ƙa'idoji, da masana'antunta da jaridunta da ƙungiyoyinta, wadda ta haura shekara ɗari. Tushenta abu guda ne da kowane ɗan kasuwa ya san darajarsa, wato ma'auni.

Kashi ɗaya cikin 87

Abin da ya raba wannan aiki da kayan wasan da ake saye ma yara shi ne, kowane ɗan ƙarfe da ke jikin ƙaramin jirgin an rage shi ne daga na gaskiya bisa lissafi guda. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira H0: duk abin da aka auna jikin babban jirgi, sai a raba shi gida 87 a ɗauki kashi ɗaya. Faɗin hanyar dogo a yawancin ƙasashen Turai milimetir 1,435 ne. In aka raba da 87 sai ya koma milimetir 16 da rabi. Taragon kaya mai tsawon metir 12 ya zama santimetir 14. Mutum mai matsakaicin tsayi ya zama santimetir 2. Kilometir guda na hanya kuwa na bukatar metir 11 da rabi na fili, shi ya sa ba mai iya sa gari sukutum cikin ɗakinsa, sai dai ya zaɓi tasha guda, ko gada, ko wata kwana ta hanya.

Akwai wasu ma'aunan. Na N yana raba komi gida 160, hanyarsa milimetir 9. Na Z, wanda kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972, gida 220 ne, hanyarsa milimetir 6 da rabi, har kan jirginsa na iya shiga aljihun riga. Na O ya fi su girma, hanyarsa milimetir 32. Kowa da abin da ɗakinsa da idonsa da aljihunsa za su iya ɗauka.

Mafarin al'amarin a Jamus yake. A 1859 wani maƙerin gwangwani mai suna Theodor Märklin ya buɗe ɗan shagonsa a garin Göppingen. A 1891, wajen bajekolin birnin Laifzig, ƴaƴansa suka nuna jirgi mai tafiya da wani, tare da guntayen hanya da ake haɗawa, masu faɗi tsayayye. Dabarar ta kasuwanci ce: wanda ya sayi jirgi bana zai dawo baɗi ya ƙara tarago ko tasha, da tabbacin sabo zai dace da tsoho. A Ingila, Frank Hornby na birnin Libaful, wanda ya ƙago ƙarafunan wasa na Meccano a 1901, ya soma saida nasa jiragen a 1920. A Faransa, jaridar Loco-Revue ta soma fitowa a 1937, sa'an nan aka kafa kamfanin Jouef a 1944, wanda ya kai jirgi mai araha gidajen ƙananan ma'aikata da yawa.

Da kamfanoni suka yi yawa, sai rikici ya taso: taragon wannan ba ya hawa hanyar wancan, ƙugiyar wancan ba ta kama ta wannan. Masu sha'awar abin da kansu suka tashi suka yi magani. A 1935 suka kafa ƙungiyar NMRA a Amurka, a 1954 ta MOROP a Turai, suka rubuta ƙa'idojin faɗin hanya, kaurin ƙafafu da tsayin ƙugiya, kamfanoni kuma suka bi. Duk da haka akwai inda aka kauce. Kawunan jiragen Ingila sun fi na sauran Turai ƙanƙanta, injin lantarki na wancan zamani bai shiga cikinsu in aka rage su gida 87. Sai Ingilishi suka rage gangar jikin gida 76, suka bar hanyar a milimetir 16 da rabi, alhali lissafi ya ce ta kusa kai 19. Wannan bambanci da bai kai milimetir uku ba ya hana ma wasunsu barci, har suka ware suka kafa ƙungiyoyin masu shimfiɗa hanyarsu da hannu bisa ainihin ma'auni.

Daga takarda zuwa tarago

Ana iya sayen jirgi gamamme cikin kwali. Amma gwanayen abin sun fi girmama wanda ya ƙera nasa, ko daga guntayen da kamfani ya yanka, ko kuma daga tushe. Mai ƙira daga tushe yakan fara da neman zanen masana'anta da tsofaffin hotuna. In taragon na nan ajiye a wani gidan tarihi, sai ya tafi da igiyar awo ya auna shi da kansa, ya ƙidaya allunan gefensa da kawunan ƙusoshinsa. Daga nan sai lissafi, sai zane bisa takarda.

Kayan aikinsa ba su cika tire guda ba: wuƙa mai tsini, ƙananan magagarai, hantsaki, awartaki, ma'aunin kauri da madubin ƙara girma. Jikin tarago yawanci da fallayen roba ake yinsa, waɗanda kaurinsu bai kan wuce milimetir ɗaya ba, a yanka a haɗa da gam mai narkar da bakin robar har biyu su zama ɗaya. Kan jirgi kuwa an fi yinsa da fallayen tagulla, a lanƙwasa a liƙe da dalma. A shekarun baya-bayan nan an samu na'urar da ke fitar da siffar abu kai tsaye daga zanen kwamfuta, abin da ya sauƙaƙa ma masu neman taragon da babu shi a kasuwa.

Kyau kaɗai bai isa ba, sai abin ya yi tafiya. In sandunan ƙafafun ba su yi daidai da juna ba, tarago zai yi ɗingishi ya sauka daga hanya a kwanar farko. In ya cika sauƙi, jan sauran taragu zai fizge shi. Saboda haka akan ɓoye ɗan ƙarfe ƙarƙashin dandamalinsa har taragon santimetir 14 ya kai wajen giram 100. Gudu ma da ma'auninsa: jirgin da ke cin kilometir 87 a awa, ƙaraminsa santimetir 28 kawai zai yi cikin daƙiƙa guda. Wanda ya sake ma nasa wuta yana zagaya tebur kamar ɓera, nan take ake gane baƙo ne a sana'ar.

Fenti, sa'an nan datti

A wajen fenti ne aikin wata shida ke iya lalacewa cikin minti goma. Da farko sai a wanke taragon da ruwa da sabulu, don maiƙon yatsa kaɗai na hana fenti kamawa. Sai a fesa fentin shimfiɗa, galibi mai launin toka, wanda ke tona duk wata tsaga ko ragowar gam da ido bai gani ba. A gyara, a sake fesawa. Daga nan sai launin gaske, da ƴar bindigar feshi mai aiki da iska, shafi bisa shafi, kowane siriri ƙwarai, ana barinsa ya bushe kafin na gaba. Dalili a fili yake: fenti mai kaurin rabin milimetir bisa ƙaramin tarago daidai yake da yaɓen sama da santimetir 4 bisa babba, ƙusoshi da tsagin alluna duk sun nutse ke nan. Lambobi da sunan kamfanin jirgi sukan zo bisa wata takarda da ake jiƙawa a zame rubutun a ɗora, kana a rufe da man kariya marar ƙyalli.

A nan ne abin mamaki yake. Bayan duk wannan wahala, sai mai aikin ya ɗauko garin alli mai launi da fenti tsararo ya soma ɓata abin da ya gyara. Ya sa baƙin hayaƙi bisa rufi, ya zubo tsatsa daga gindin ƙusoshi zuwa ƙasa yadda ruwan sama ke jan ta, ya ɗiga baƙin mai wajen ƙafafu, ya watsa ƙura a gindin tarago, ya koɗar da launin gefen da rana ta fi duka. Ƙa'idar ita ce kada a zana dattin da aka zata, sai wanda aka gani a hoto. Taragon gawayi da na siminti da na dabbobi kowane da irin tsufansa, ƙurar jar ƙasa kuma ba ɗaya take da ta farin yashi ba.

Wanda ya yi fice wajen yaɗa wannan salo shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto na garin Montere a jihar Kaliforniya. Hotunan jiragensa masu tsatsa da gine-ginensa da suka sha jiki sun sauya tunanin masu sana'ar a Amurka. Ya rasu a watan Janairu na 1973, bayan ƴan kwanaki gobara ta cinye aikin da ya kwashe shekaru yana yi. Hotuna ne suka rage.

Ajiyar abin da ya wuce

Wasu sun ɗauki aikin tamkar rubuta tarihi. Roye England, mutumin Ostiraliya da ya sauka Ingila a 1925, ya ga ƙauyukan yankin da ya zauna suna sauyawa, ana tuge rufin ciyawa ana sa na zamani. Sai ya shiga auna gidajen yana ƙera su ƙanana. Daga wannan ne aka samu gidan tarihi na Pendon a 1954, inda ake ganin karkarar Ingila ta shekarun 1930 da jiragenta, kamar ba a taɓa ta ba. A birnin Hambug na Jamus kuma, wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001 cikin tsofaffin rumbunan kaya na bakin tashar jiragen ruwa. Ƴar hanyar dogon da suka shimfiɗa ta haura kilometir 15, kuma a shekarun 2010 masu zuwa kallo sun wuce miliyon ɗaya a shekara.

Kasuwar dai ta sha girgiza. Yara sun koma ga wasannin kwamfuta, masu saye suka zama dattawa, kayan kuma suka ƙara kyau da tsada. Masana'antar Jouef da ke Shampanyol ta rufe a 2001. A 2004 kamfanin Hornby ya saye sunan, ƙira ta koma ƙasar Sin. Märklin kansa ya kasa biyan bashi a 2009, shekarar da ya cika 150, sai a 2013 ya samu sababbin masu shi. Manyan kamfanoni kuwa abin da ke gudu a ƙasashen masu sayen kayansu suka fi ƙerawa. Mai son jirgin wata ƙasa ta nesa, sau da yawa hannunsa ne gatansa.

Mu da ma'auninmu

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram zai iya cewa ina ruwansa da wasan Turawa. Ruwan nasa na cikin lissafin faɗin hanya. Jirgin da ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, wanda ya daɗe yana kwasar gyaɗar yankinmu, bisa hanya mai milimetir 1,067 yake tafiya. Hanyar Kotonu zuwa Paraku, mai kilometir 438, wadda hukumar haɗin gwiwar Nijar da Dahome da aka kafa a 1959 ta riƙe, wato wadda daga baya aka sani da OCBN, faɗinta metir guda ne. Haka ma wadda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016, wajen kilometir 140, wadda ba a kai ga yin jigilar yau da kullum bisanta ba. Ita kuwa ta Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021, an tsara ta ne bisa milimetir 1,435. Faɗi uku ke nan a yanki guda. Taragon da ya dace da ɗaya ba ya hawa sauran, kuma duk inda irin waɗannan hanyoyi suka haɗu sai an sauke kaya an sake lodi, da kuɗɗin ƴan dako da ɓata lokaci da fashewar buhu. Matsalar da masu wasa suka kashe tun 1935 ta hanyar zama su daidaita, ita ce ke jiran masu jirgin gaske.

Akwai kuma batun hannu. Yaran da ke ƙera motoci da waya da gwangwani da totuwar kara a unguwanninmu, da maƙeran kasuwar Katako ta Yamai da ke mayar da tsohon ƙarfe tukunya da murhu, ba basira suka rasa ba. Abin da ya raba motar waya da taragon H0 shi ne igiyar awo da lissafin rabawa, kuma waɗannan malamin makaranta na iya koyar da su da kwali da almakashi. Yaron da ya raba metir 12 gida 87, ya yanka, ya ga bai dace ba, ya sake aunawa, ya koyi abin da ake nema ga makanike da magini da injiniya.

Ƴar hanya mai faɗin milimetir 12, wadda Turawa suka tanada don jiragen hanyar metir guda, ita ce ta dace da taragun da suka yi shekaru suna ɗauko kayan Nijar daga bakin teku zuwa Paraku. Tsofaffin direbobi da ƴan kasuwar da suka san launinsu da irin ƙurar da ke jikinsu suna nan da ransu. Mai niyyar ƙera su, yanzu ne ya kamata ya je ya tambaya.