Zanen Alƙaluma: Sanda ko Da'ira?

A shekarar 1984, William Cleveland da Robert McGill, masana ƙididdiga a Amurka, sun gwada yadda mutane ke karanta zanen alƙaluma. Sun gano cewa ido ya fi iya kwatanta sandunan da aka jera bisa layi ɗaya fiye da yanka-yankan da'ira.

Wannan ya shafi ɗalibin da ke nazarin harsuna a Zangon Kwatano, inda ake jin Hausa da Dandanci da Yarbanci da Faransanci. A nan da'ira tana da wani aibin kuma: tana raba mutane gida-gida, kowa da harshe guda, alhali ɗan kasuwa ɗaya kan ji uku. In aka tara, jimillar za ta zarce ɗari bisa ɗari. Gara a ba kowane harshe sandarsa.